Na samu aiki a Abuja, Hajiyarmu ta ce in gode wa Allah in zauna. Waɗanda abin ya taɓa faruwa da su ku taimaka

Baban Hanif:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga irin wannan halin, ba wa'azi ba, wa'azi kam na sha shi a gida. Ni malami ne a wata makarantar kuɗi a nan Kano, lissafi nake koyarwa, albashina dubu 58, sai ɗan lesin da nake yi wa yara da yamma yana kawo kamar dubu 20 in iyayen sun ga dama sun biya. Mata ɗaya yara biyu, muna gidanmu na gado a Gwammaja, sashena daban na Hajiya daban, ba na biyan haya. To wani abokina ne ya samo min aikin kula da sito wajen wani mai sayar da kayan gini a Dei-Dei, dubu 150 a wata, kuma akwai ɗakin kwana a bayan shagon KYAUTA, na rubuta da manyan baƙi don kar wani ya zo yana min lissafin haya. Iyali dai ba zan iya ɗauka yanzu ba.

Da na faɗa wa Hajiya sai ta yi shiru, can ta ce in fara ƙirga abin da Allah ya ba ni tukunna. A ƙafa nake zuwa aiki, in dawo in tarar da abinci da zafinsa, magariba da isha'i a masallacin layinmu, da asuba in leƙa in gaishe ta ta miƙo min kunun tsamiya a kofin silba, yara suna hawa kaina da daddare. Ta ce wanda ya raina wannan ko me aka ba shi ba zai ishe shi ba. Ba ta ce kar in tafi ba, amma kun san yadda uwa take cewa "Allah ya zaɓa mafi alheri" da wata irin murya. Kuma gsky abubuwan nan ina jin daɗinsu, sai dai wata bai kai 15 ba na fara cin bashi a kantin unguwa. Mai ɗakin ta ce duk abin da na yanke. An ba ni zuwa ƙarshen wata. Wanda ya taɓa barin irin wannan zaman saboda ƙarin kuɗi, ya ya ƙare? Wanda kuma ya zauna, ya yi nadama?

Ɗan Fagge:
Dubu 150 a Abuja? Malam haya kaɗai za ta cinye ka. Ɗaki ɗaya mai banɗaki a Kubwa yanzu ba ka samu ƙasa da dubu 900 a shekara, ban da kuɗin ejan da na lauya. Ka zauna inda Allah ya ajiye ka.

Mai Taya:
Wace Kubwan? Ƙanina dubu 450 yake biya kuma da ruwa a gidan. Ku dinga faɗin abin da kuka sani

Ɗan Fagge:
To sai dai in a bayan rafi yake ko tun kafin cire tallafi ya kama ɗakin. Ka tambaye shi nawa mai gidan ya ce masa bana.

Zuba Boy:
Ku duka ba ku san garin ba. Mutum ya nemi Mararaba ko Masaka, dubu 300 ka samu ɗaki, matsalar dai goslo ɗin safe, ƙarfe biyar za ka fito.

Baban Hanif:
Jama'a na ce fa akwai ɗaki kyauta. Kuma Mararaba ina Dei-Dei ina, wannan gabas wancan hanyar Zuba.

Ustazun Kurna:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ba ka son wa'azi amma dole a faɗa. Allah ya ce a Suratu Ibrahim aya ta 7, in kun gode zan ƙara muku. Kuma akwai hadisin Tirmizi, wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne an ba shi. Ka duba lissafin da Hajiya ta yi maka, ukun nan duk kana da su. Wadata ba yawan dukiya ba ce, wadatar zuci ce. Ni shawarata ka yi istihara, kuma kar ka taka ko'ina sai ka ga fuskarta ta saki.

Maman Sadik:
Malam Baban Hanif, ka ce mai ɗakinka ta ce duk abin da ka yanke. Nima haka na ce. Wlh kalmar da na faɗa kenan, don mace ba ta son a ce ita ta tare wa miji arziki.

Namu mai gidan tela ne, shagonsa na bakin titi, ba mu da komai amma ƙarfe tara na dare in na ji ƙarar babur ɗinsa ya kwano layi yaran nan har faɗuwa suke wajen rige-rigen buɗe ƙofa, wataran tsire na ɗari biyar ne a takarda wataran gyaɗa ce kawai, mu baje tabarma a tsakar gida in an ɗauke wuta muna cin garau-garau yana ba su labarin kwastomominsa muna dariya. Lokacin ni kaina raina abin nake, ina ganin ƙawayena ana canja musu kujeru. Da aka ce masa ya zo Abuja ɗinki ya fi tsada can har da rawata.

Da farko duk sati biyu yana gida. Sai ya koma wata-wata, wai kuɗin mota. Sai ya koma sai da dalili. Naƙudar autana ƙarfe biyun dare ta kama ni, matar maƙwabcinmu ce ta buga wa wani mai adaidaita ƙofa, shi kuma ina ta kira waya a kashe, da safe na ga alat na dubu 40 da "Allah ya raya". Ranar suna ya zo ya kwana biyu ya koma. Kuɗi kam ba zan yi masa ƙarya ba yana turowa, an canja kujerun, an sa sola, na samu firij. Ranar da aka kawo firij ɗin na zauna a gabansa ina kuka ban san dalili ba. Daga baya a bakin ƙanwarsa na ji wai ya yi aure a Masaka har matar ta kusa haihuwa, kowa a gidansu ya sani sai ni, uwarsa da nake wanke wa kaya ta sani. Ban ce aure haram ba ne kar wani ya zo min da aya, ɓoyewar ce ta ci min rai, da yadda yarona na tsakiya yanzu in uban ya zo sai ya ɓuya a bayana kamar baƙo ne ya shigo.

Don haka in za ka tafi ka tafi, amma kar ka ce matarka ta yarda. Ba ta yarda ba, kunya ce.

Ummu Iklas:
Innalillahi. Anti Allah ya ba ki ladan haƙuri, wlh na ji hawaye. Irin wannan ya faru da yayata, shi Fatakwal ya tafi.

Zuba Boy:
Hhhh to Baban Hanif ka ji, ka guji Masaka. Na janye shawarata ta ɗazu

Ummu Iklas:
Kai kuma komai wasa ne a wajenka. Baiwar Allah tana faɗin ciwonta kana hhhh.

Mai Taya:
Hajiya Allah ya huci zuciyarki amma mu ji ta ɓangarensa mana. Namiji shi kaɗai a gari wata da watanni, gara auren da wani abin. Kuma kin ce da bakinki bai rage ki da komai ba.

Maman Sadik:
Malam ai na ce kar a zo min da wannan. Ya rage ni da kansa. Firij yana kai yaro asibiti ne?

Ustazun Kurna:
Tana da gaskiya a nan. An ruwaito Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon da mace za ta iya haƙurin rashin miji, daga nan ya sa wa mayaƙa iyakar watannin da za su yi ba su dawo gida ba. Mayaƙa fa, balle tela.

Ɗan Fagge:
Nawa ne ma motar yanzu da har mutum zai ce kuɗin mota ya hana shi zuwa gida? Ni dubu 12 na biya daga Unguwa Uku.

Zuba Boy:
Dubu 12 sai dai in kan buhun albasa ka zauna. Sharon dubu 18 ce, in Sallah ta matso 25 ma ka gode Allah.

Mai Taya:
Ni 15 na biya a Hummer, mutum huɗu a layi, na sauka ƙafata ba ta motsi

Abu Kausar:
Bari ni in ba da nawa tunda kowa ya koma kan tela. Ni ne wanda ya zauna. An taɓa kirana aiki Legas wajen wani ɗan garinmu a Mile 12, mahaifina Allah ya jiƙansa ya yi min irin lissafin nan na Hajiyarku, na haƙura, kuma shekarun farko lafiya lau na ji daɗin zamana. Sai aka zo 2023, man da muke saya ƙasa da naira 200 ya haura 500 cikin kwanaki, daga baya ya wuce dubu, albashi kuma yana nan inda yake kamar an kafe shi. 'Yata ta kwanta aka ce sai an ƙara mata jini, na tsaya a bakin wajen biyan kuɗi da takarda a hannu ina bin lambobin wayata ɗaya bayan ɗaya ina tunanin wa zan kira wanda ban riga na ci bashinsa ba. Wanda ya tafi Legas ɗin a madadina shi ya turo min. Ina gode wa Allah kullum, ta warke tana makaranta, amma ranar na gane kunun safe da sallar jam'i a layinku ba sa hana ka zama mai roƙo. Hadisin da Ustaz ya kawo ya ce abincin yininsa, to mutumin nan ya ce daga 15 ga wata bashi yake ci, wannan abincin mai kanti ne ba nasa ba. Nana Hajara ma ba zama ta yi ba sai da ta yi safa da marwa. Ƙanina ka tafi, ka gode wa Allah a Dei-Dei, can ma akwai masallaci.

Bahaushen Manchester:
Ni dai daga nan Ingila nake gaya muku, ku riƙe abin da kuke da shi. Nan akwai kuɗi amma wlh sai in yi sati ba wanda ya yi min sallama a ƙofa, lokacin sanyi ƙarfe huɗu duhu ya yi, in fita da duhu in dawo da duhu. Abin da na fi kewa ba wani babba ba ne, zaman dakali bayan la'asar da mai shayin layinmu da ya san yadda nake son haɗina ba sai na faɗa ba. Kuɗi ba shi ne komai ba.

Ɗan Fagge:
To ka dawo mana. Jirgi na sauka a Malam Aminu Kano kullum, ni zan zo in ɗauke ka a adaidaita kyauta, ka bar min fasfo ɗin

Zuba Boy:
Mai karɓar fam yana koya wa mai dubu 58 wadatar zuci 😂 Alhaji turo na shayin mu dinga sha a madadinka muna turo maka hoto.

Bahaushen Manchester:
Ai shi ya sa ba na son magana a nan. Ku kuna ganin fam ɗin, ba ku ganin haya da haraji da mutum goma sha da ke jiran alat a gida.

Abu Kausar:
To ka ga ai ka faɗa da bakinka, mutum goma sha suna ci saboda ka tafi. Da ka zauna a dakalin wa zai ba su?

Ummu Iklas:
Ni abin da na gani duk mazan da ke cewa tafi tafi ba wanda ya tambayi matar. Kuma Zuba Boy da Ɗan Fagge ko aure ba ku yi ba, me kuka sani a zaman iyali da za ku cika mana waje.

Ɗan Fagge:
Wa ya ce miki? Da yarana uku Hajiya. Zuba Boy ne tuzuru.

Zuba Boy:
Ina kan neman kuɗin lefe ne, ku sa ni a addu'a. Amma a cikinku ni kaɗai nake zaune a Abujan, don haka maganata ta fi ta kowa

Na Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan wannan ba abin tambaya ba ne, in an gama girbi samari sun watse cin rani, wasu Kano wasu Agadas wasu har Libiya da Aljeriya, damina ta kusa a dawo a yi noma. Kakanninmu haka suka yi. Abin da na gani shi ne wanda ya tafi da ranar dawowa a ransa yana dawowa, wanda ya tafi sai abin da hali ya yi shi ne ake nema a waya. Ni ina zuwa ina dawowa, kuma furar gidanmu ba ta taɓa yi min daɗi ba kamar ranar da na sauka daga mota.

Hajiya Babba:
Yaro ni sa'ar mahaifiyarka ce, jikata ke rubuta min. Ba kuɗinka take so ba, motsinka take so ta dinga ji a gidan. Nawa uku duk sun watse, suna aike Allah ya yi musu albarka, amma ranar da ƙwan fitilar ɗakina ya mutu sai da na jira almajiri. In kana da ƙane a gidan da zai tsaya mata to da sauƙi. In kai kaɗai ne ka yi tunani.

Baban Hanif:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Akwai ƙanina amma ɗan bokon nan ne sai dare yake shigowa. Maman Sadik maganarki ta tsaya min, jiya na sake tambayar mai ɗakin ta ce "ba komai" ta ci gaba da tankaɗe, ban san wane irin ba komai ba ne. Har yanzu dai ban ji wanda ya yi aikin sito a Dei-Dei ba, shin ana samun hutun zuwa gida kuwa?

Malama Rabi:
Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Dubu 58 malamin lissafi? Tun watan Yulin 2024 aka sa hannu a mafi ƙarancin albashi dubu 70, Kano ma gwamnati ta ce 71, amma masu makarantun kuɗi ko a jikinsu. Ni inda nake 45 ake ba ni, aji biyu nake riƙewa, ranar da muka haɗu muka je neman ƙari mai makarantar ya tara mu a ofis ya yi mana wa'azin godiyar Allah, wai koyarwa sadaka ce mai gudana ladanmu na lahira, mu dubi waɗanda ke ƙasa da mu. Muna fitowa ga sabuwar motarsa a bakin get ko leda ba a cire wa kujerun ba. Ni ina gode wa Allah a kan lafiyata da 'ya'yana da ɗan wake na da nake ci in ƙoshi, amma ba mai cin gumina ne zai koya min ba. Da ana biyan mutumin nan haƙƙinsa da bai zo nan yana tambayar ko ya bar uwarsa ba.

Abu Kausar:
Allah ya biya ki Malama. Haka 'yan siyasa, su ƙara kuɗin mai su ce a yi haƙuri, wasu malaman su hau mumbari su ce a yi godiya. Talaka kaɗai aka saukar wa ayar?

Ustazun Kurna:
A'a kar ku haɗa. Godiya tsakaninka da Ubangijinka ce, haƙƙi kuma tsakaninka da mai aiki. Annabi (SAW) cewa ya yi a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wanda ya ɗauki hadisin duba na ƙasa da kai ya danne albashin mutane da shi zai yi bayani.

Mai Makaranta:
Tunda an zo kanmu bari in yi magana. Malama ki je ki karanta dokar, wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba ba ta hau kansa ba, ni malamaina 14 ne. Kuma ku zo ku ga littafin bashi, rabin iyaye ba su biya na zangon da ya wuce ba, ka kori yaro uban ya zo da limamin unguwa a ba ka haƙuri, ka ƙara dubu biyu a kuɗin makaranta a kwashe yara a kai maƙwabta. Ga haya ga man janareta ga masu karɓar haraji kala-kala kowa da rasit ɗinsa. Ni babur nake hawa, ba duka muke da sabuwar mota ba.

Malama Rabi:
Namu mu 31 ne har da masu gadi, sai dai a takarda in an zo dubawa mu koma 20. Kuma in ba za ku iya biya ba ku faɗa mana haka, ku daina kawo mana aya.

Ɗan Fagge:
Nawa kuke karɓa a zango Mai Makaranta? Don inda nawa suke dubu 35 ne firamare kuma duk zango sai an ce a sayi sabon littafi a wajensu, na wan ba ya yi wa ƙane

Mai Taya:
35? Mu 22 muke biya har da islamiyya

Ummu Iklas:
Ku ba ku ga komai ba, mu har kuɗin bikin yaye 'yan nazire aka ce mu kawo, da riga da hula irin ta jami'a, yaron da bai iya ɗaure wandonsa ba.

Mai Makaranta:
Wannan kuma iyaye mata ne ke matsa mana a yi, in ba mu yi ba ku ce makarantar ba ta waye ba. Ki tambayi 'yan'uwanki.

Ummu Iklas:
Wace uwar? Kawo sunanta.